Gashin Goshin da Ke Gajercewa Bayan Kwana Biyu

A layin awon hawan jini Malama ta fara jin maganar, ranar Litinin da hantsi. Mata biyu ne a bencin gabanta, ɗaya mai ƙaton gilashi, ɗaya riƙe da ledar magani, suna irin ƙus-ƙus ɗin da ake yi don kowa ya ji. Wai akwai wata yarinya a shagon gyaran gashin da ke saman kemis, hannunta cin gashi yake yi. Za ta yanka miki gashin goshi daidai kunci, ki kalli madubi ki yi murmushi, ki tafi gida. Kwana biyu kacal sai ki tarar ya gudu ya koma saman gira, ya yi cirko-cirko. Mai gilashin ta ce sayar wa masu gashin kanti take yi. Mai ledar ta ce a'a, hannun ne babu albarka, haka ake haihuwar wasu.

Shekara talatin da huɗu Malama ta yi tana koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata kafin ta yi ritaya, ba ta taɓa cin karo da gashin da yake tafiya da baya ba. Da wata ce ake magana a kanta, dariya za ta yi ta ci gaba da jiran layinta. To yarinyar saman kemis jikarta ce, 'yar ɗanta na fari, wadda aka sa wa sunanta, kowa a gida Takwara yake ce mata, kuma a hannunta take zaune tun da aiki ya ɗauke iyayenta zuwa wani gari.

Ta miƙa wuya ta ce, “Baiwar Allah, in sayarwa take yi, ta yaya take yanke shi bayan kin riga kin koma gidanki?”

Mai gilashin ta waiwayo ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ai Mama zamani ne, babu abin da ba a yi. Nas ta kira lambarta, maganar ta tsaya a nan.

Da yamma Takwara ta dawo ta tarar da kakarta a falo, ta ajiye tef ɗin tela da tsohon littafin rubutu a kan tebur. Da kakar ta faɗa mata abin da ta ji, ba ta musa ba. Ta zauna a hannun kujera ta fara bayani. Wani yanka ne 'yan mata suke yayi, labule suke ce masa: a yi tsaga a tsakiyar goshi, gashin ya rabu biyu, ya sauko gefe da gefe kamar labulen taga da aka ɗan yaye, gajere wajen tsagar, yana ƙara tsawo har ya taɓa ƙashin kunci. Madam, mai shagon, ba ta son yin sa, ta ce ɗaukar lokaci ne, don haka duk mai son labule Takwara take tura wa. Takwara ta yi wa mutum goma sha biyu. Biyar suna ta sa mata albarka, bakwai sun dawo da faɗa. Ta ƙarshen har da ɗankwali ta ja ta rufe goshi kamar mai ciwon kai, ta tsaya a tsakiyar shago ta cire shi kowa ya gani. Madam ta ce ta ba ta zuwa Asabar. In ba a gano abin da take ɓatawa ba, za ta sauke ta daga kujera ta ɗauko wata.

“Kaka, wallahi aunawa nake yi. Da yatsana nake nuna musu wurin, su ce ya yi.”

“Ban ce ba kya aunawa ba. Kina kuka ne ko mura kike yi?”

“Mura.”

“To ki sha ruwan zafi. Gobe tare za mu fita.”

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo, matakala ashirin da biyu daga titi, Malama ta ƙirga su da gwiwoyinta. Kujeru uku a gaban dogon madubi, bahon wankin kai biyu a can ƙurya, fanka a sama tana juyawa tana kora gutsattsarin gashi ƙarƙashin kanta. Ƙamshin shamfu da ƙaurin gashin da aka gasa sun haɗu sun zauna. A bango an liƙa takarda mai ɗauke da dokokin Madam: ba a cin abinci a kujerar aiki, ba a amsa waya ana riƙe da kan mutum, ba a sa almakashi sai an wanke kai. Madam ta tarbe ta da fara'ar da ba ta kai ido ba, ta sa aka kawo mata kujerar roba, ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai, don yarinyar tana da hannu, ita ta koya mata da kanta.

Almakashi Malama ta fara zarga. Ta karɓe shi ta ɗaga wajen taga, ta yanka zare, ta yanka takarda, yana ci lafiya lau. Kuma da shi aka yi wa duka goma sha biyun, masu yabo da masu zagi. Ta ja layi ta soke shi a littafinta. Ta koma kan ranaku, ko akwai ranar da hannun yake tashi da rashin lafiya. Babu. Akwai Talatar da aka yi mai kyau, akwai Talatar da aka yi mummuna. Ta tambayi ko masu ƙorafin masu juna biyu ne ko masu shayarwa, don an ce gashinsu yakan canza. Ɗaya ce kawai, sauran ko aure ba su yi ba. Ta zauna ta kalli Takwara tana aiki har azahar, ba ta ga komai ba sai yarinya mai natsuwa da ke cije leɓe in za ta yanka. Ba wadda ta zo neman labule ranar. Labari ya riga ya zaga.

Madam ta ce ita a ganinta matashin kai ne. Wasu 'yan matan kwanciyar kifa fuska suke yi. Mai wankin kai ta ce ruwan unguwarsu ne. Wata da ake yi wa kitso ta ce daga ƙarƙashin hannun mai kitso, ai ita tun tana yarinya ta san in aka yi yanka wata na raguwa, gashi raguwa yake yi. Malama ta rubuta duka, har da na watan, don ta saba ba ta watsar da magana sai ta gwada ta. Da ta duba kalanda a gida ta ga uku daga cikin masu ƙorafin an yi musu ne wata na cika.

Laraba Takwara ta tuna mata da wasu 'yan uwa biyu, ya da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, a gida ɗaya suke kwana. Yar tana aiki a banki, ƙanwar ɗaliba ce. Duka ita ta yi musu, tsakaninsu kwana huɗu. Na yar ya yi kyau, na ƙanwar ya gudu. Malama ta sa aka kira su a waya, suka ce ta zo bayan la'asar.

Tare da Takwara suka je, a falonsu ta ga abin da idonta. Gashinsu iri ɗaya ne sak, mai laushi, ba miƙaƙƙe ba kuma ba mai murɗewa sosai ba, yana saukowa yana lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Irin na Malama ne kafin furfura, irin wanda ta gada wajen mahaifiyarta. Na yar ya rabu a tsakiya ya kwanta lallausa, bakinsa ya ɗan juya baya daidai kunci. Ta ce ita ba ta yi masa komai. Da safe takan jiƙa yatsunta, ta murɗa kowane ɓangare ta baya, nesa da fuska, ta maƙale shi da ɗan kilif har ta gama shiri, sai ta cire. Ba ta sa masa burushi, don tashi yake yi ya yi buzu-buzu, kuma mai kaɗan take shafawa a bakinsa kawai, saboda goshi da kansa yana ba shi maiƙo. Haka Takwara ta koya mata.

Ƙanwar ta zare kilif shida daga kanta ɗaya bayan ɗaya. Gashin ya yi tsalle ya tsaya a saman gira, ɓangare biyu suna kallon juna kamar ƙahon ɗan akuya. Ta ce ita ma duk abin da Yaya take yi ta yi. Ta jiƙa, ta murɗa, ta maƙale, har ja ta yi da hannu tana karatu ko zai sauko. A makaranta an sa mata suna Eriya.

Malama ta auna duka biyun. Ta tambayi sabulun da suke wanka da shi, ɗaya ne. Ruwan famfo ɗaya. Matashin kai har musanya suke yi. Ta rufe littafin, ta sake buɗewa, ta kalli abin da ta rubuta kamar rubutun wani. Sai ta ce su ba ta labarin ranar da aka yi musu, tun daga hawa matakala.

Ƙanwar ta ce ranar ba ta da lacca, ta je ta baje, aka wanke mata kai da shamfun Madam mai ƙamshin lemo, aka taje, aka yanka, aka busar da diraya. Yar ta ce ita a hutun cin abincin rana ta leƙa, minti ashirin gare ta, Madam ba ta nan, ta roƙi Takwara ta bar wankin nan ta yanka mata haka.

Shamfu, in ji Malama a ranta. A mota ta tambayi Takwara sauran huɗun da suka yaba. Yarinyar ta yi lissafi da yatsu, sannan ta ce da murya ƙasa-ƙasa duk ba ta wanke musu ba. Biyu sun zo a gaggauce, ɗaya tana mura, ɗaya kuma ranar babu ruwa a tanki. Ta roƙi kakarta kada ta faɗa wa Madam, don karya doka ne.

Alhamis da safe Malama ta mayar da kicin ɗinta ɗakin gwaji. Takwara ta kawo mata gashi mai lanƙwasa daga sharar shago, ta ware shi kashi uku, ta ɗaure kowanne da zare. Ta shimfiɗa su a faranti yadda suke, ta auna, kowanne santimita goma sha biyu. Ta jera kofuna uku na gilashi. Na farko ruwa da shamfun Madam, na biyu ruwa da sabulun gida, na uku ruwa zalla, wanda ba ta sa ran komai daga gare shi, don dai a samu abin kwatantawa ne, kamar yadda ta yi shekaru tana nanata wa ɗalibai. Ta jiƙa, ta ɗauraye, ta taje su a faranti, ta auna. Goma sha shida, duka ukun. Ta kai su bakin taga. Da suka bushe ta auna. Goma sha biyu, duka ukun.

Ta cire gilashinta ta goge da bakin zane, ta sake yi daga farko. Haka ya sake fitowa. Shamfun bai yi wani abin da ruwan banza bai yi ba. Ta duba tef ɗin ko ya miƙe don tsufa, ta gwada shi da rula, lafiyarsa ƙalau. Ta zauna a kan kujerar kicin, hannu a haɓa, shayinta ya huce a gefe. In ba shamfu ba ne, me ya sa waɗanda aka wanke wa ne kaɗai suke kuka? Har ta fara tunanin ko ta koma ta sake duba maganar matashin kai. Maƙwabciyarta ta leƙo aron rariya, ta ga gashin mutane a faranti da kofuna a jere, ta ce bari ta dawo an jima, ba ta dawo ba.

Sai wajen la'asar, tana kallon lambobin nan biyu, goma sha biyu da goma sha shida, ta ga ashe tun Litinin tambayar da take yi a karkace take. Ita da matan layin asibiti duk abu ɗaya suke nema, abin da ya rage gashin. Babu abin da ya rage shi. Tsawo ya ara a cikin ruwa, aka yanka shi yana kan aron.

Amma nan ma kanta bai gama warwarewa ba. Da Takwara ta dawo ta tare ta tun a ƙofa da tambayoyi biyu. In haka ne, me ya sa ba ya gudu tun a shagon, sai bayan kwana biyu? Takwara ta ce ai bayan yanka da diraya take busarwa, tana naɗe shi a burushi mai zagaye tana ja, sai ya fito a miƙe sumul. Haka zai zauna har sai an yi gumi ko an wanke kai a gida. To me ya sa Madam shekara ashirin tana yanka a jiƙe ba a taɓa kawo ƙararta ba? Yarinyar ta ce masu zuwa wajen Madam ko dai gashinsu miƙaƙƙe ne tun asali, ko sun sa masa man miƙarwa, ko kullum suna gasa shi da ƙarfe. Masu barin nasu yadda Allah ya yi shi, su ne masu son labule, su ne kuma ake turo mata.

“To gobe sai ki faɗa mata.”

“Kaka, in na ce mata dokarta ce ke ɓata kan mutane, ai ba sai Asabar ba. A goben zan sauko da jakata.”

Malama ta gwada da kanta ranar Juma'a. Ta hau matakala ashirin da biyun, ta buɗe littafinta ta nuna wa Madam lambobin. Madam ta saurara da ladabi, tana taje kan wata, ta ce Mama ai gashin shara daban, gashin da ke kan mutum daban. A makarantar da ta yi, da duk bitar da ta je, abu na farko da ake koyarwa shi ne jiƙaƙƙen gashi ya fi yankuwa daidai. Ta ce ta san zafin jika, ita ma tana da 'ya'ya, amma sunan shagonta ne yake lalacewa. Malama ta rufe littafinta. A aji in ta nuna lamba ana yarda. Ta sauko tana riƙe da ƙarfen matakala, a ranta tana cewa ko dai ita ce ta tsufa, kofuna uku da gashin shara take so ta ja da mai shekara ashirin a sana'a.

Da yamma ta kwance kitsonta guda biyu da ta fi shekara arba'in tana yi, ta wanke kan, ta bar shi ya sha iska bai ga mataji ba. Takwara ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon farin gashin yana saukowa kafaɗa yana lanƙwasa, ta tambaye ta me take shiryawa. Ta ce kwalliya.

Asabar ita ce ta farko a shagon. Ta wuce kujerar robar, ta zauna a ta gaban madubi, ta zare ɗankwali ta ninke a cinya, ta ce labule take so.

Madam ta yi dariya har da riƙe ƙirji. “Mama, a shekarunki? Wa za ki burge?”

“Likitan hawan jini. Miƙo min jagirar can.”

Ta sa Takwara ta yi mata tsaga a tsakiya ta ware gashin goshin gida biyu. Da jagirar ta ɗiga baƙin ɗigo a ƙashin kuncin dama, ta auna da tef daga gefen hanci, ta ɗiga irinsa a na hagu. Sannan ta faɗi yadda take so. Ɓangaren dama Madam ce za ta yi da hannunta mai albarka, yadda aka koya mata: ta jiƙa, ta taje, ta ja, ta yanka a kan ɗigo. Na hagu Takwara za ta yi da hannun da ake cewa yana ci, a bushe, yadda gashin ya kwanta da kansa, ita ma a kan ɗigo. Almakashi ɗaya. Ba diraya, ba burushi.

Madam ta ce ita ba ta wasa da kan manya. Malama ta ce kan nata ne, kuma in ta tashi da ɓangarori biyu daidai, da bakinta za ta ce wa jikarta ta tattara kayanta. Wata mata da ta shigo tana jiran layi ta ajiye wayarta ta gyara zama. Mai wankin kai ta kashe famfo.

Madam ta ɗauki kwalbar feshi ta jiƙa ɓangarenta sharkaf, ta taje shi ya miƙe kamar zare, ta matse shi tsakanin yatsu biyu ta ja har kan ɗigon, ta yanka a karkace, yanka mai tsabta da ko Malama sai da ta yaba a ranta. Ta miƙa wa Takwara almakashin ba tare da ta dube ta ba. Malama ta ce wa yarinyar ta madubi in ta yanke mata kunne sai ta biya. Takwara ta yi 'yar dariya, ta fara. Ba ta ja gashin ba, ta bar shi ya faɗo, ta bi lanƙwasarsa tana tsinke bakin kaɗan-kaɗan da kan almakashi, tana saki tana dubawa, har ya tsaya a kan ɗigo.

A madubi ɓangarorin biyu daidai suke. Madam ta ce to ga shi nan. Malama ta ce a matsar mata da kujera ƙarƙashin fanka.

Minti goma ba abin da ya faru, sai sanyi da ke ratsa mata goshi. In gashin tsufa ya daina lanƙwasa irin ta da fa? In Madam ce da gaskiya, gashin kai daban? Ta kalli Takwara, ta ga ta ƙura wa tayil ido. Ta kalli agogon bango. Sai matar da ke jira ta ce, kamar mai magana da kanta, na daman nan kamar yana motsi.

Ya bar ɗigon. Ya haura ya wuce ƙasan ido, ya ɗan murɗe, ya ci gaba. Kafin rabin awa ya cika ya bushe sarai ya tsaya a kan gira, bakinsa ya juya waje. Na hagu yana nan a kuncinsa inda aka bar shi. Malama ta kalli tsohuwar da ke cikin madubi, gefe ɗaya 'yar gayu, gefe ɗaya kamar wadda ta yi faɗa da fanka. Ta miƙa wa Madam tef ɗin ta ce ta auna da kanta.

Madam ta auna. Ta sake aunawa. Ta taɓa gashin da ta yanka, ta ja shi ya sauko har ɗigon, ta saki ya koma. Ta yi haka sau uku. Daga nan ta juya wajen matar da ke jira ta tambaye ta me za a yi mata. Matar ta ce da dai labule ta so, amma an tsorata ta. Madam ta dubi gashin matar, mai lanƙwasa ne. Ta ja kujerar tsakiya ta kakkaɓe, ta ce wa Takwara, “Zo ki yi mata. Kada ki jiƙa.”

Malama ta ɗaura ɗankwalinta, ta tura ɓangaren dama ciki, ya ƙi zama, ta sake turawa. Matar tana zama a kujera ta tambaye ta, to Mama, wai me yake faruwa ne, ita har yanzu ba ta gane ba.

Malama ta ce, “Gashi mai lanƙwasa in ya jiƙe miƙewa yake yi, in ya bushe ya koma yadda yake. A jiƙe aka yanka musu.”